Irin Masarar Baba

Mahaifina ya daɗe yana noman masara a wani ƙauye da ke kan hanyar Sunyani. Gonar ta wani dattijon Asante ce, in an girbe a raba uku, mai ƙasa ya ɗauki kashi ɗaya. Abin da yake na Baba na kansa shi ne iri, wata 'yar jar masara mai jure wahala. Kowace kaka yakan zaɓi goyo masu kyau ya rataye a madafin gidanmu da ke unguwar Zango, hayaƙi yana kore musu ƙwari.

Wata shekara rediyo ya cika mana kunne, wai shugabannin ƙasashen yankinmu sun zauna sun yi alkawarin ware wa noma kaso mai tsoka. Ba a jima ba malaman gona suka raba sabon iri, suka ce taki mai rahusa yana tafe. Baba kuwa, in babba ya yi magana, to ta zauna. Ya dawo gida baki har kunne, ya ce wa mahaifiyata, "Sauke tsohon nan ki dama mana koko. Gwamnati ta kawo wanda ya fi shi."

Ta ce, "Malam, a bar ko kaɗan ne mana."

"A yi me da shi?"

Muka sha kokon da ƙosai, har da neman ƙari.

Ashe sabon irin ɗan gata ne, ba ya yi sai da taki. Taki bai iso ba sai da ganye ya yi rawaya. Ɗan abin da aka girba, Baba ya ware na shuka yadda ya saba, don ba wanda ya gaya masa wannan ba a maimaita shi. Da damina ta zagayo ya fito wani dogo wani gajere, goyon duk giɓi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Masu alkawarin ko karan masara ɗaya ba su rasa ba.

Ni na raka shi neman tsohon irin wajen mutanen da ya taɓa ɗibar wa. Muka je unguwar Sofoline, muka je ta Bantama. Kowa ya saurari rediyon da Baba ya saurara, kowa ya cinye nasa.

A motar komawa gida, da muka kusa sauka, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Ubana a kansa ya ɗauko irin nan tun daga arewa, da yunwa a cikinsa, bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba."