Mai Gyaran Adireshi a Kasuwar Rake

Ga ta nan, mai kula da shafin intanet na ofishin rabon taki, zaune kan damin rake a kasuwar Makarfi, kwamfuta a cinya, tabaraunta ɗaure da zare. Wani dattijo daga Gazara yana tsaye a kanta da takardar rajistar taki. Adireshin intanet ɗin da ke jiki ya ƙi buɗewa a wayarsa, kuma yau ake rufe rajista.

"Baba, wayarka lafiya lau. Shafin aka sauya wa wuri," in ji ta.

Ko ɗago kai ba ta yi. Layi biyu take rubutawa, tana haɗa tsohon adireshin da sabon shafin. Na rantse a ofishinsu wani ne ke karɓar yabon aikinta.

"Sake dannawa, Baba."

Shafi ya buɗe. Kafin ya gama sa mata albarka, har ta koma shan rakenta.