Gurbi ɗaya na ƙasa

Har yau in na buɗe shafin intanet na ga an ce in zaɓi ƙasata, sai raina ya ɓaci, in tuna ogan da na yi wa aiki a Jega. Lokacin jihar Kebbi ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba, masu iya kwamfuta ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Wata ƙungiya ta ɗauke ni in tsara fom ɗin rajistar makiyaya, wanda za a riƙa cikewa a kwamfuta. Duk wanda aka yi wa rajista zai sami kati, da katin ake yi wa shanunsa rigakafin ciwon huhu.

Na yi gurbi biyu: inda aka haife ka, da inda kake zaune. Oga ya leƙo ta bayana, yana warin turaren nan nasa mai hawa kai, ya ce in goge. Gurbi ɗaya yake so, ƙasar haihuwa, kuma dole a cike shi. Wanda bai zaɓi Najeriya ba, fom ya rufe nan take.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan fa wasu a kan hanya aka haife su."

Ya ce, "Kai aka ɗauka ka yi tunani, ko ni?"

Mutumin da bai taɓa taka kashin shanu ba! Ko Aliero aka ce ya je, sai ya tambayi ko akwai kwalta. Na haɗiye, na yi yadda ya ce, don ina son aikina. Wannan ma ban yafe wa kaina ba.

Ranar da muka kai kwamfuta garinmu Maiyama, cikin layi har da wata tsohuwa mai kawo wa gidanmu nono tun ina rarrafe. Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu kaɗan, su ne cinta, su ne suturarta, ga shi ciwon ya riga ya shiga rugar maƙwabta. Na san amsarta, amma na tambaya.

Ta ce, "Nijar anka haihe ni, ɗan nan. Can uwata take kwance."

Na rage murya na ce, "Inna, ki ce Najeriya. Shekara nawa kina nan?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "In yi ƙarya da hurhurata don allura? Rubuta abin da nic ce."

Oga na zaune a inuwa yana fifita da jarida. Na kalle shi, wallahi ji na yi kamar in ɗauki kwamfutar in kwaɗa masa. Sai na danna Najeriya, na miƙa mata kati, na ce an gama. Ta sa mini albarka ta tafi.

Aka yi wa shanunta allura, ko ɗaya bai faɗi ba. Amma malamin dabbobin da ya yi allurar irin masu karanta kati da ƙarfi ne, don a san sun yi boko. A gaban jama'a ya karanto ƙasar haihuwarta.

Washegari ta zo gidanmu ba ƙwarya a kanta. Ba ta shiga wajen mahaifiyata ba, a zaure ta same ni. Na fara rantse-rantse, ina cewa laifin oga ne, shi ya hana gurbi na biyu, ni shanunta na duba.

Ta ce, "Ban san oganku ba. Kai na sani, kai nig gaya ma inda uwata take."

Ta ajiye katin a kan tabarma ta fita. Ta yi shekara shida a duniya bayan nan, kullum tana wucewa ta ƙofarmu da nononta zuwa kasuwa, ba ta ƙara sallama ba.