Yadda Kaka ta kori Nasara da yatsa ɗaya

"Maigidana, ina goribar?" in ji kakata, tana leƙen tablet ɗina.

Tun lokacin korona da aka rufe hanya, fenti ya yanke mini a Agadas, na koma zane a tablet. Yau tsohon barikin Nasara nake zanawa.

Ta ce, "Wurin nan da goriba ce fal, su suka sare ta suka yi azara."

Na zana itatuwan a bayan ginin, na kama yatsanta muka danna maɓallin goge ginin. Bariki ya ɓace, goriba ta bayyana!

Wallahi sai guɗa! "Maido su in sake korarsu!"

Sau bakwai ta kore su, tuwonta na ƙonewa, muna ta dariya.

Ku fa, me za ku goge a garinku?