Shekarar da Auta Ta Ƙi Fure

Marigayi maigidana aikin lambu ya yi shekara talatin da wani abu, a gidajen malaman jami'a da ke Samaru. Cikin waɗanda ya yi wa aiki akwai wata Baturiya, 'yar wata ƙasa mai ƙanƙara. Da za ta koma gida ta raba kayanta. Kuku ya sami tukwane, mai wanki ya sami dutsen guga, shi kuwa aka miƙo masa gwangwanin madara da wata 'yar shuka a ciki. Ranar na yi masa faɗa. Na ce kowa ya koma gida da abin amfani, kai ka kawo mini ciyawa.

Ya ce ba ciyawa ba ce. Wai Baturiyar ta gaya masa a garinsu lokacin shuka gajere ne, kafin ka juya sanyi ya dawo. Duk furanni su yi su gama, ita wannan tana nan kore shar ba ta ce komai ba, sai sanyi ya kawo kai sannan ta buɗe. Wata shekara ta riga ƙanƙara, wata shekara ƙanƙara ta riga ta. Sunanta na takarda kirisantimam, in ji ɗana. Mu dai Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe.

A bayan ɗakinmu maigidana ya dasa ta, wajen da babu mai bi. Da damina yakan bi kawunanta yana tsinkewa da farce don ta yi rassa, har ruwan Agusta, daga nan ya ɗauke hannu. Ganyenta in ka murza, warinsa kamar tazargade. Ruwa na ɗaukewa sai ta fitar da 'yan ƙulli kamar maɓallin riga, kafin godiyar kaka a coci ta buɗe, launin manja. Kowa ya kai dawa da doya da kaji gaban bagade, mu mu kai masara da damin Auta. Tun ina jin kunya har matan zumunta suka fara tambayata ina furenmu na bana.

Da ya rasu na yi shekara biyu ni kaɗai a Samaru, kuma ba ta fasa fure ba. Sai ɗana ya ce zaman ya isa, in dawo wurinsa a Dogarawa. Ban ɗauko abin kirki ba ban da akwatina da turmi da saiwar Auta a tsohon bokiti. Gidan duk siminti ne, sai wata 'yar ƙasa kusa da ƙofa da ba ta fi tabarma ba, inda matarsa take shuka ugu, ganyen miya. Ɗana ya sa aka cire ugun aka ba ni wurin. Na ga yadda fuskar surukata ta canza. Iyayenta mutanen kudu ne, ita a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ta wasu. Tana da shagon kayan wuta a unguwar PZ.

Shekarar farko Auta ta yi tsawo har ƙuguna, ganye kamar a yi miya, fure ko ɗaya babu. Na ce baƙunta ce. Shekara ta biyu na tsinke kawunan yadda marigayi yake yi, na sa kashin kaji, ruwa ya ɗauke, shiru. Ni kuwa ba na zama a tsakar gida ido rufe. Na san wanda ya bar famfo a buɗe, na san wanda ya taɓa tukunya. Wata safiya na ga surukata ta watsa ruwan wanki wajen ƙofa, kumfa ta gangara gefen shukar.

Na ce, "Ke, zo nan. Ashe ke ce."

Ta ce, "Ni ce me, Mama?"

"Shekara biyu kina ba ta sabulu tana sha. In ugunki kike so ki faɗa da baki."

Ta ajiye bahon ta ce, "Haba Mama! Ni da nake zuba mata ruwa duk ranar da kika tafi asibiti? In ina son kashe ta ai da tuni an yi sadakar bakwai."

Ɗana ya fito da buroshi a baki yana ba kowa haƙuri. Ya ce gaskiya dai, Mama, ganyen da ba a ci, ba ya fure, ya tare wuri. Raina ya ɓaci. Na ce to ku saurara, in Kirsimeti ta zo Auta ba ta buɗe ba, ni da hannuna zan tuge ta, ku shuka abin da kuka ga dama. Ni kuma ba na magana biyu, sun sani. Da na shiga ɗaki na zauna bakin gado sai na ga abin da na yi. Babu wata saiwar a ko'ina. Wanda ya karɓi ɗakinmu na Samaru ya riga ya zuba kankare a bayan.

Daga ranar na ɗauki kujerata na koma kusa da ƙofa, wai ina gadin ruwan sabulu. Kwana huɗu ban kama kowa ba. A na biyar ina duba ganye ko tsutsa ce, sai na ga reshe ɗaya da ya lanƙwasa ya shige bayan duron ruwa. A kansa akwai maɓallai uku. Sauran rassan, fiye da ashirin, babu ko ɗaya. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, uwa ɗaya. Na zauna ina kallon reshen nan har magariba.

Akwai fitilar sola da ɗana ya kafa a kan katanga, mai kunna kanta in rana ta faɗi, ta kwana tana ci. Tana kamawa wurin ya yi fari fat kamar tsakar rana, inuwar duron kuwa ta faɗa daidai kan reshen nan, shi kaɗai. Sai na tuna a Samaru in na ajiye fitilar ƙwai a tagar baya, maigidana yakan ɗauke ta ya ce, "Bar yarinyar nan ta yi barci." Ni a zatona iyayi ne irin na masu lambu. Sai yanzu na tuna ya taɓa cewa Baturiyar ta gaya masa sai dare ya yi tsawo, duhu bai yanke ba, sannan take sanin lokacinta ya yi. Shekara biyu muna hana ta sanin damina ta wuce.

Na ce wa ɗana ya kashe fitilar. Ya ce, "Mama, a unguwar nan? Ki nemi wani abu dai." Ban ga laifinsa ba. Na gwada rufa mata tsohon zane, haske ya ratsa, nauyinsa kuma ya karya reshe biyu.

Washegari da yamma sai ga surukata ta sauko daga keke napep da wani ƙaton kwali, irin wanda ake sako firiji a ciki, ta fasa gindinsa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Mama, kama can." Muka ɗaga muka kifa a kan shukar, ya rufe ta ruf.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Katangar ɗakinmu ba ta da kauri, Mama. Kuma ke ba kya magana a hankali."

Haka muka yi ta yi. Kafin fitila ta kama mu kifa, gari na wayewa mu ɗauke. Kwalin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, dole sai mu biyu, don haka ta riƙa rufe shago da wuri. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ko amarya muke ɓoyewa. Surukata ta ce, "Ƙanwar mijina ce, kunya gare ta." Ban yi dariya a gabansu ba.

Mako uku maɓallai suka fito a kowane reshe. Godiyar kaka ta zo ta wuce suna nan a dunƙule, na kai masara kaɗai, matan zumunta na wannan cocin ba su ma san da wata Auta ba balle su tambaya. Sanyi ya shigo sosai. Kullum da safe in duba, in ƙirga kwanakin da suka rage da yatsu. Na riga na yanke cewa in ranar ta zo a dunƙule suke, zan tuge, don maɓalli ba fure ba ne.

Saura kwana huɗu Kirsimeti muka ɗaga kwali, surukata ta ce, "Mama, dubi!" Guda bakwai sun buɗe, launin manjan nan dai, ƙanana ba kamar na Samaru ba. Ranar Kirsimeti sun fi a ƙirga.

Ni ban iya ba da haƙuri da baki ba, ba a koya mini ba. Na yanka dami na farko na ɗaure da zare na miƙa mata, na ce ita za ta kai gaban bagade. Ta ce, "Ni, Mama?" Na ce, "Akwai wata a nan ne?" Bayan sabuwar shekara na raba saiwar, na matsar da ita gefen duro, rabin wurin na ce ta mayar da ugunta. Ugun ma yana hawa katanga yana tare wa Auta haske kaɗan.

Ruwan sabulu dai har yau na hana a zuba a wurin.