Awa Ɗaya ta Shayarwa

Shekarar da na haifi 'yata ta uku, ina aikin tsince datti daga auduga a wani sito a Funtuwa. Tsarinmu ba a rubuce yake ba, amma yana tafiya daidai. Mu zo da goyonmu da safe, mu kwantar da su a gindin darbejiya bayan sito, tsohuwa mai shara tana kore musu ƙuda. Yaro ya yi kuka, uwarsa ta karkaɗe zane, ta ba shi nono, ta dawo. Heluma mai kula da aikinmu kuwa a daidai lokacin yakan sami abin dubawa a wani gefen.

Sai aka kawo sabon manaja, bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Ya tara mu ya ce ya zo mana da sauƙi irin na zamani. Kowace mai goyo an ba ta awa ɗaya ta je gida ta shayar, kuma ita za ta zaɓi lokacin. Tunda an yi haka, babu sauran dalilin kawo jarirai sito. Muka tafa, don heluma ya fara tafawa.

Gidana yana can hanyar Maska. Na gwada a ranar farko: na isa, na sha ruwa, na ɗauki yarinya, awa ta cika.

Na bi ƙa'ida. Na fara gaya wa heluma, ya tura ni wajen akawu, akawu ya shigar da ni ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, awar a hanya take ƙarewa."

"To, Malama, ki sauya lokaci mana. Ai zaɓi naki ne."

"Ranka ya daɗe, da hantsi da azahar nisan ɗaya ne."

Ya yi dariya ya ce wa akawu, "Ka ji ta da lissafi! Ita ya kamata a ba kujerarka."

Aikin ba zan iya bari ba. Na kai yarinyar garinmu Tsiga wajen innata tana wata goma, aka yaye ta da kunu. Sati biyu ina ɗaure ƙirji da ɗankwali ina tsince auduga.

A taron ƙarshen kaka manaja ya sa na miƙe tsaye. Ya shaida wa baƙi cewa ga wadda tsarin ya yi wa amfani, har ta daina buƙatar awar.