Murfin da Injiniya Ya Musanya

Yayana bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko ƙofarta bai sani ba, amma Injiniya kowa ke kiransa, har mahaifiyarmu kafin ta rasu. Shagonsa ɗakin haya ɗaya ne a tsakiyar layinmu. Masallaci na wancan ƙarshen layin, coci na wannan ƙarshen, shi kuwa yana tsakiya da tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, yana narka dalma. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan. Bai gina gida ba, matarsa ta riga shi tafiya ba su samu haihuwa ba. Kayan shagon da sunan da ya yi na mai gyara, su ke nan abin da ya mallaka a duniya.

Halinsa guda da ya ishe ni shi ne ba ya zubar da komai. Rediyo ta mutu murus, mai ita ya ce a jefar, Yaya zai kwance ta ya rarraba kayan cikinta a gwangwanayen madara. In na je share masa shago na taɓa gwangwani ɗaya, sai ya ce, "Ke dai bar shi nan, zai yi amfani."

Manyan masu kawo masa aiki biyu ne, masallaci da coci. Kowannensu na da amfilifaya, akwatin nan da ke ba lasifika ƙarfi, kuma kowanne na yawan ƙona nasa wajen son a ji shi fiye da ɗaya gefen. Ladan ya kawo ya ce a gama kafin Juma'a. Mai kula da kayan coci ya kawo ya ce kafin Lahadi. Yaya ya ce to.

Akwai shekarar da aka yi rikici a wani gari mai nisa, tartsatsinsa ya iso mu ta waya. Aka farfasa tagogin coci, aka watsa ƙazanta a ƙofar masallaci, ba a san waɗanda suka yi ba. Maƙwabtan da muka tashi tare suka koma gaisuwa da kai. Wata 'yar coci da na yi wa ɗinkin aurenta ta fara tsallaka titi in ta hango hijabina. Daga nan Liman da Fasto suka kafa kwamitin zaman tattaunawa, duk wata a ajin makarantar firamare. Yaya bai taɓa zuwa ba, ya ce shi bai iya magana ba.

Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona amfilifayoyin biyu rana ɗaya. Kamfani ɗaya ne, baƙaƙe, girma ɗaya. Yaya ya kwance su a tebur ɗaya, ya gyara, ya ɗaure, amma ya musanya murafen ƙasa, inda kowane gefe ya yi wa nasa alama. Bayan mako guda Ladan na goge ƙura ya kifa nasu, sai ga gicciye da jan fenti. Kafin la'asar magana ta zaga cewa an shigo da gicciye masallaci an yi kwana bakwai ana kiran salla a kansa. Mutanen coci da suka ji suka kifa nasu, sai ga Bisimilla da rubutun Larabci. Suka ce asiri aka yi musu. Namu suka ce an sayi Injiniya, nasu suka ce dama can ɗan leƙen asiri ne. Wasu masu zafin kai suka fara tsayawa gaban shagon suna kallon rufin.

Kwamiti ya kira shi. Na je na same shi yana zuba sukundireba a aljihu.

"Yaya, don Allah ka ce kuskure ne, ka ba da haƙuri, ka ja bakinka ka yi shiru."

"Ai kuskure ne," ya ce.

"To sukundireban na mene ne?"

Ya ja ƙofar shagon ya fita. Na bi shi.

Ajin ya cika har tagogi. An ɗora amfilifayoyin biyu a teburin malami. Yaya ya ba da haƙuri yadda na ce, na fara sauke numfashi. Sai wani daga baya ya miƙe ya ce wa ya san me kuma aka cusa a ciki. Yaya ya gyara tabarau ya kwance su duka biyun a gaban jama'a.

"Allah gafarta Malam," ya ce wa Liman, "wannan taransifoma da ke cikin naku, ta tsohon amfilifayan coci ce, wanda tsawa ta ƙona. Shekara tara ke nan." Ya juya wajen Fasto. "Wannan fanka da wayoyin nan jajaye, na masallaci ne, tun zamanin limamin da ya rasu."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Fasto ya ce, "Me ya hana ka faɗa mana?"

"Ba wanda ya tambaya. Su sun ce kafin Juma'a, ku kun ce kafin Lahadi, kayan kuma ba a samunsu a kasuwa."

Liman ya daɗe yana kallon taransifomar. Can ya ce ƙarfe ba shi da addini, sallar shekara tara tana nan daram, ba wanda zai rama ko raka'a ɗaya. Fasto ya ce shi ma bai ga asiri a fanka ba. Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi, masu zafin kai suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa shagon ba.

Amma kafin a tashi, kwamiti ya ce don hankalin jama'a ya kwanta, kowane gefe ya sayi sabon amfilifaya, kuma kada a sake kai wa Injiniya gyara. Wata bakwai suna zama ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai wannan. Hannuwa suka tashi daga ɓangarorin biyu. Ni na ƙirga su da idona, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

Da manyan suka janye, ƙananan ma suka bi. Ba gaba ake yi da shi ba, ana gaishe shi, rediyon dai ake kaiwa wani layi. Shekara biyu ya ƙara yana gyaran tocila, sannan ya mayar wa mai ɗakin makulli ya dawo ɗakin zaurena da gwangwanayensa. Tsofaffin amfilifayoyin nan biyu ba wanda ya zo karɓa. Ya zauna ya haɗa su ya fitar da guda ɗaya mai aiki. Na ce wa zai yi wa, ya ce, "Ke dai bar shi nan."

Zaman kwamiti kuwa ya ci gaba, har ya fi ƙarfin aji ya koma filin makaranta, na baya ba sa jin na gaba. Masallaci ba zai ba da sabon amfilifayansa Fasto ya yi magana da shi ba, coci ma haka. Ran nan sai ga Ladan da mai kula da kayan coci a ƙofar gidana, suna ta sosa ƙeya. Yaya bai bar su sun gama bayani ba ya shiga ya ɗauko amfilifayan nan da ya haɗa.

Yanzu duk wata da shi ake zaman. Liman ya yi magana ya miƙa wa Fasto makirfo, ba wanda ke tambayar me ke cikin akwatin. Yaya na zaune a gefe kan benci, hannunsa a kan maɓallin ƙara murya. Shekarun gwajin lasifika sun cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Watan jiya muna dawowa na matsa kusa da kunnensa na tambaye shi ko ya ji Fasto ya ambaci masu haɗa kan jama'a, ya lissafa mutum shida babu sunansa.

Ya ce bai ji ba, shi fankar yake taɓawa ya ji ko tana juyawa.