Gaisuwar da Ta Cinye Mitin

A ɗakina da ke tsakar gidanmu a Makarfi nake rubuta wa wani kamfanin ƙasar waje manhaja. Mu shida ne a rukunin, kowa da ƙasarsa, ban taɓa haɗuwa da ko ɗayansu ido da ido ba. Kullum da hantsi mukan yi mitin ta kwamfuta, kowa ya faɗi inda ya tsaya a aikinsa, a watse.

Ni kuwa a gidanmu ba a shiga magana sai an gaisa. Ranar farko na bi su ɗaya bayan ɗaya: ya iyali, ya gajiya, ya sanyin garinku. Shugabarmu, wata mata mai saurin baki, ta bari na gama, daga baya ta turo mini saƙo cikin ladabi cewa lokacin mitin gajere ne. Kunya ta kama ni, na daina.

Aiki na tafiya lafiya lau, amma daɗinsa ya fita raina. Mahaifiyata, Inna, takan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tagata tana tsintar wake, duk tana jin mu. Wata rana ta ce, "Wai kai da mutanen nan naka faɗa kuka yi?"

Na ce, "A'a, Inna, haka tsarinsu yake."

"Tsari? Ko masu saran rake ai sukan ce wa juna sannu."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na soma tunanin ajiye aikin. Na gaji da mutanen da ba su ma san ko ina da uwa ba.

Da damina Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Shugabar kaɗai na gaya wa, na ɗauki hutu. Bayan sadakar bakwai na kunna kwamfuta da niyyar in yi musu sallama gaba ɗaya.

Shugabar ta riga ni magana. A hankali, da wata karyayyar Hausa da ban san inda ta samo ba, ta ce, "Ya haƙuri?"

Da ƙyar na ce, "Da godiya."

Sai na biyu ya karɓa, sai na uku, kowa yana tuntuɓe da kalmar. Ɗaya ya tambaye ni wace irin mace ce Inna, na kuwa ba su labarinta. Lokaci ya ƙare ba a taɓa maganar aiki ba, ni ma ban faɗi tawa ba.

Na leƙa taga don in ce wa Inna ashe sun iya gaisuwa. Tabarmarta na jingine da bango, a naɗe.